Kalmomin Da Muke Auna Mutum Da Su, Kada Su Ɓace A Hannunmu

Jama'ar Zango na Greensboro da kewaye,

Akwai wata magana da ta daɗe tana damunmu, yau kuwa muka ga ya kamata mu fito da ita fili a wannan takarda tamu, ko Allah ya sa a sami masu taya mu. Abin da ya tsokano ta wani ɗan abu ne da ya faru kwanan baya a wajen wani suna, muna kusa muna ji. Wata tsohuwa cikin iyayenmu, haifaffiyar Zangon Kumasi, ta kira jikanyarta, domin ta ji an ce wani saurayi yana nemanta da aure. Ta ce mata, "'Yar nan, wane irin mutum ne?" Yarinya ta amsa da kalma guda ta Ingilishi, wannan dai da kuka sani, wadda yaranmu suke liƙa wa kowa da kome, da malamin makaranta, da sabon takalmi, har da karen maƙwabci. Tsohuwa ta ce, "Na ji. To, yana da natsuwa? Yana da kara? In an ɓata masa rai yana da kawaici?" Yarinya ta yi murmushi, ta ce, "Kaka, ai duk ɗaya ne." Tsohuwa ta gyara mayafinta, ba ta ƙara cewa kome ba.

To, jama'a, ba ɗaya ba ne. Laifin kuwa ba na yarinya ba ne, gama abin da ba a ba ka ba, ba a tambayarka ina ka ajiye shi. Abin da muke so mu faɗa a nan shi ne, halin da ba shi da suna a bakin mutum, da wuya ya koye shi, da wuya ya neme shi a wurin wani, da wuya kuma ya gane in babu shi. In kalmomin nan suka ɓace a gidajenmu, ma'aunin da muke auna miji da mata da abokin ciniki da shugaba shi ne ya ɓace.

Mun sani Hausarmu ta Zango ta riga ta yar da abubuwa da dama a hanya. Mutanen Kano sukan yi mana dariya domin mukan ce wa mace "ya zo". Wannan bai hana mu barci ba, gama bai taɓa raba aure ba, bai taɓa cinye dukiyar kowa ba. Amma rashin sanin bambancin mai hankali da mai wayo ya yi duka biyun, kowa kuwa a cikinmu ya san gidan da abin ya faru.

Bari mu tuna dalilin da ya sa kakanninmu suka tara kalmomin nan da yawa haka. Su fatake ne. Sukan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, su yi watanni a hanya kafin su kai Salaga a ƙasar Gwanja su sayo goro. Babu banki, babu lauya, babu waya. Baƙo yakan sauka a gidan maigidan da bai taɓa gani ba, ya danƙa masa kayansa, shi kuma maigida ya nemo masa masu saye, sau da yawa ma bashi. Abin da ya riƙe wannan ciniki duka shi ne shaidar da ake yi wa mutum, ko da baki ko a wasiƙa. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, mutane suka bazu zuwa Kete Krachi da Kumasi da Ankara da sauran wurare, da wannan shaida suka kafa sababbin zanguna. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a Kete Krachi a 1934, har littafi ya rubuta da Larabci a kan yadda ake tsara wasiƙa, domin a lokacin wasiƙa ita ce fuskar mutum a garin da bai je ba. Haka kuma wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo ta Ibadan, ya fitar da littafinsa a 1969, inda ya nuna yadda ake sayar wa mahauta shanu bashi ta hannun maigida, ba takarda ba sa hannu, sai sanin halin kowane mahauci. Mutanen da suke zuba dukiyarsu bisa shaidar baki, ba za su yarda da kalma guda ta rufe kowa ba. Dole su rarrabe, su ce wane yana da amana amma yana da garaje, wane kuwa yana da tsanaki amma ba shi da kara.

Turawa ma sun lura da wannan arziki namu. Ƙamus ɗin da G. P. Bargery ya fitar a 1934 yana ɗauke da kalmomin Hausa fiye da 30,000. A nan Amurka kuwa, a Jami'ar Indiana, Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Arewacin Nijeriya, ya yi lacca a 1973 a kan mutumin kirki a wurin Bahaushe, aka buga ta a 1974. Ya ƙirga halaye 10: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ya yi ƙoƙari ƙwarai, amma tsohuwar nan tamu ta kawo uku a numfashi guda waɗanda ba su cikin goman. Abin kunya ne a ce Bature ya tsaya gaban malaman jami'a yana rarrabe kalmominmu ɗaya ɗaya, mu kuwa masu abin muna cewa duk ɗaya ne.

To, bari mu rarrabe su, gwargwadon yadda muka ji a bakin iyaye. Mun kasa su kashi uku.

Kashi na farko na mai kula da mutane ne. Kara ita ce ka bar haƙƙinka domin girman wani. Kana bin mutum bashi, wa'adi ya wuce, sai ka gamu da shi a gaban surukansa, ka gaishe shi da fara'a ka wuce, ba ka ta da maganar ba. Kawaici kuwa shi ne ka gani ka yi kamar ba ka gani ba, ka ji ka yi kamar ba ka ji ba, domin kada ka tozarta mai abin. Baƙo ya kifar da miya a kan shimfiɗarka, ka ci gaba da hira. Sanin ya kamata shi ne ka yi abin da ya dace tun ba a roƙe ka ba. Ka san maƙwabciyarka gwauruwa ce, ba ta da mota, ranar Juma'a ka tsaya a ƙofarta ba tare da ta kira ba. Kunya kuma linzami ce a cikin zuciya, ita ke hana mutum abin da zai zubar da mutuncinsa ko da babu mai ganinsa. Ku duba, mutum yana iya samun ɗaya ya rasa ɗaya. Akwai mai kyauta hannu sake, amma duk wanda ya ba sai gari ya ji. Wannan yana da kyauta, ba shi da kawaici.

Kashi na biyu na mai kula da aiki ne. Babbarsu ita ce hankali, wadda asalinta Larabci ne, kamar yadda ladabi da amana da hikima suke. Amma ku ga abin da Bahaushe ya yi da ita. In yaro ya girma mukan ce ya yi hankali. In akwai rami a gaba mukan ce yi hankali. In muna so a sassauta tafiya mukan ce a hankali. Watau mun ɗaure basira da rashin gaggawa da igiya guda, muna nufin wanda bai iya sassautawa ba bai gama wayewa ba. Tsanaki shi ne yin abu daki-daki, ba a tsallake kome. Shi ake nema ga mai riƙe kuɗin adashi, da tela, da 'yan'uwanmu masu aikin jinyar tsofaffi waɗanda suke ƙirga ƙwayoyin magani safe da dare. Lura aikin ido ce, ka shiga ɗaki ka gane wanda bai ci abinci ba. Taka-tsantsan kuwa na inda akwai haɗari ne, kamar mai tuƙi ranar da ƙanƙara ta daskare a kan titi, ko wanda aka miƙa wa takardar bashi aka ce ya sa hannu yanzu yanzu.

Kashi na uku na mai tunani ne. Natsuwa ita ce zuciya ta kwanta kamar ruwan randa, har a ga ƙasansa. Mai natsuwa yakan ji magana har ƙarshe kafin ya amsa. Nazari shi ne a juya abu ta kowane gefe. Hangen nesa duban gaba ne, waiwaye kuwa duban baya, mutum ya zauna ya tambayi kansa inda ya yi kuskure. In waɗannan suka taru ga mutum guda, suka daɗe tare da shi har suka zama jikinsa, shi ne muke cewa yana da dattako, ko da kuwa babu furfura ko ɗaya a kansa. Ba mutane kaɗai ake yi wa wannan shaida ba, har abin da ya fito daga hannunsu. Mukan ce wannan aikin tsanaki ne, wannan wasiƙa ce mai ladabi, wannan magana an tauna ta kafin a furta.

Kowace ɗaya daga cikinsu kuma tana da jabu mai kama da ita, kamar kuɗin ganye. Nawa takan sa rigar tsanaki. Tsoro yakan sa rigar kunya. Sanyin jiki yakan yi kama da natsuwa, zurfin ciki yakan yi kama da kawaici, wayo kuwa kullum yana kiran kansa hankali. Wanda yake da kalma guda tak, yaya zai rarrabe na gaske da jabu? Saurayi ya zo ya zauna shiru, kansa a sunkuye, kowa ya ce madalla. Sai bayan aure a gane shirun nan zurfin ciki ne, yana ƙullace abu shekara guda bai faɗa ba.

Kada wani ya ce waɗannan kalmomin tsofaffi ne, ba su da aiki a Amurka. Garin nan da muke zaune shi ne babban shaida. Ranar Litinin 1 ga Fabrairu 1960, samari huɗu baƙaƙen fata, 'yan shekarar farko a kwalejin A&T, watau Ezell Blair, da David Richmond, da Franklin McCain, da Joseph McNeil, suka shiga kantin Woolworth a titin South Elm. A lokacin baƙar fata yana iya sayen kaya a kantin, amma ba a yarda ya zauna a teburin cin abinci ba. Su ba Hausawa ba ne, ba su san kalmominmu ba, amma bari mu auna su da ma'auninmu mu gani. Sun yi darare suna tattauna abin a ɗakin kwanansu kafin su ɗaga ƙafa: nazari ke nan. Sun fara sayen 'yan kayayyaki, suka riƙe rasit domin kada a ce su ba masu ciniki ba ne: tsanaki ke nan. Sun yi shiga mai tsabta, suka nemi kofi da murya mai taushi: ladabi ke nan. Aka hana su, ɗan sanda ya zo yana kai da kawowa a bayansu yana buga kulki a tafin hannunsa, ba su tashi ba, ba su yi zagi ba, har aka rufe kanti: natsuwa ke nan. Kashegari suka komo da waɗansu, 'yan matan kwalejin Bennett suka shigo, cikin 'yan kwanaki aka kai ɗaruruwa, abin ya bazu zuwa garuruwa da yawa na kudancin ƙasar. Suka jure kusan wata 6, sai ranar 25 ga Yuli 1960 kantin ya fara ba baƙaƙe abinci a teburin nan: haƙuri ke nan, irin na mai dafa dutse.

Franklin McCain, wanda ya rasu a 2014, ya sha ba da labarin wata tsohuwar Baturiya da ta zuba musu ido a ranar farko. Ya ɗauka sharri take nufi. Da ta taso sai ta dafa kafaɗunsu, ta nuna musu tana alfahari da su, abin da ya dame ta kawai shi ne ba a yi haka tun da daɗewa ba. Ya ce daga ranar ya koyi kada ya yanke wa mutum hukunci tun bai ji daga bakinsa ba. Wannan shi ne waiwaye. Ezell Blair kuwa daga baya ya musulunta, ya ɗauki sunan Jibreel Khazan.

Amma ku lura da abu guda, shi ne kan maganar. Samarin nan ba su yi kara ba. Da sun yi kara, da sun tashi sun ba da wuri don kada ran mai kanti ya ɓaci. Sun san kara tana da muhallinta, ana yi wa ɗan'uwa da maƙwabci da wanda ya yi kuskure, ba a yi wa zalunci. Iyayenmu ma sun faɗa, kunyar mara kunya asara ce. Wanda ya ɗauka natsuwa da kara da haƙuri duk ɗaya ne, ɗayan biyu zai same shi: ko ya riƙe su duka a taka shi, ko ya zubar da su duka ya zama fitsararre. Wanda ya rarrabe su kuwa yana iya riƙe natsuwarsa ya ajiye kara, ya karɓi haƙƙinsa, mutuncinsa yana nan.

Mun san akwai masu wata hujja a cikinmu, ba kuwa za mu raina ta ba. Sukan ce tarbiyyar kunya tana cutar da yaranmu a nan. Gaskiya ne an taɓa kiran ɗayanmu wata makaranta, malama ta ce ɗansa ba ya kallon idonta in tana magana, tana zaton yana ɓoye wani abu, alhali kuwa yaron girmama ta yake yi kamar yadda aka koya masa a gida. Gaskiya ne kuma a wurin neman aiki, wanda bai iya faɗin abin da ya iya ba yakan koma gida hannu wofi. To, amma ina maganin? Mu a ganinmu maganin shi ne a ƙara wa yaro kalmomi. A gaya masa ladabi shi ne ka girmama mutum ta hanyar da shi zai gane girmamawa ce. A gaban Kaka ka sunkuyar da kai, a gaban malama ka dube ta, duka biyun ladabi ne. A gaya masa kunya tana hana ƙarya da roƙo da alfasha, ba ta hana tambaya a aji, ba ta hana gaya wa likita inda yake ciwo, ba ta hana yarinya faɗa wa uwarta in wani ya taɓa ta. Yaron da aka rarrabe wa haka ya fi ƙarfin a rikita shi, ko a gida ko a waje.

A nan kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu iyaye. Kalmomin zagi ba su ɓace ba ko ɗaya. Duk yaron Zango, ko Hausarsa ta kai ta kawo, ya san mara kunya, ya san mara hankali, ya san wawa, domin yana jinsu safe da yamma. Amma yaushe rabon da ya ji an ce masa, "Yau ka yi tsanaki"? Yaushe rabon da uwa ta ce wa 'yarta, "Na ga abin da kika yi wa baƙuwar nan, kin yi kawaici, Allah ya yi miki albarka"? Mun ba su Hausa ta faɗa, mun bar Ingilishi ya zama harshen yabo. Sa'an nan muna mamaki don me suke guje wa harshenmu.

Saboda haka ga abin da muke roƙo, ba kuwa mai tsada ba ne.

Na farko, kowane uba da kowace uwa su yabi yaro da sunan halin da ya nuna, a lokacin da ya nuna shi. Kalma guda a rana ta isa.

Na biyu, muna roƙon malamanmu na makarantun Asabar da Lahadi su ware minti 10 a ƙarshen karatu, su ɗauki kalma guda, su kawo misalinta, su kawo jabunta, su bar yara su yi gardama a kai. 'Yan'uwanmu na Nijar, waɗanda suke da yawa a garin nan, kunnensu bai daɗe da barin Maradi da Damagaram ba, za su taimake mu ƙwarai in mun sauke girman kai mun tambaye su.

Na uku, tsohon kantin nan na titin South Elm ya zama gidan tarihi tun 1 ga Fabrairu 2010, teburin yana nan a inda yake. Mu kai yaranmu, mu tsaya da su a gabansa, mu tambaye su da Hausa wane hali suka gani a nan, wane kuma ba su gani ba.

Na huɗu, in an zo binciken aure, ko za a zaɓi ma'aji ko shugaban ƙungiya, kada mu karɓi "yana da kirki" mu tashi. Mu tambaya ɗaya ɗaya kamar yadda tsohuwar nan ta yi, wanda aka tambaya kuma ya ji tsoron Allah ya faɗi abin da ya sani.

Na biyar, tsofaffinmu suna tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowane kuwa yana tafiya da kalmomin da ba mu karɓa ba. Kowa yana da waya a aljihu. A zauna da su, a ɗauki muryarsu, a tambaye su bambancin kara da kawaici, a ajiye wa jikoki.

Ita kuwa tsohuwar da muka fara da labarinta, shirun da ta yi a gaban mutane kawaici ne, ba ta so ta kunyata jikanyarta a taron suna. Muna fata in sun koma gida za ta zaunar da ita ta rarrabe mata, tun ba a sa rana ba. Mu ma kowa ya koma gida ya yi haka.

Allah ya ba mu natsuwa, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, amin.